Sunan Uban Amarya Ya Ɓace

Abdullatif,

Na wuce Kurfi, ban tashe ka ba. Waƙar bikin Mardiya da ka haɗa, jiya na kai wa Jibo, mai sa kiɗa a wurin bikin, ya gwada. Sifikarshi ta hagu kaɗai ke aiki, kai kuma ka tura 'yan amshi da amsa-kuwwa duk sifikar dama. Kalangu ya fito, muryata ta fito, amma inda suke kiran Alhaji Dalhatu, uban amarya, shiru kake ji!

A Rawayau, inda za a yi bikin, ba mai sa iyafis irin naka. Maido su tsakiya, ka rage kuwwar nan, sai ka ce cikin rijiya muke waƙa. Bayan la'asar za a sa ta. Alhaji ya tara jama'a ne su ji sunanshi, ba gwanintarka ba.

Babanka