Fim ɗin da Bachir Ya Saƙa Cikin Kwandon Goro

Lahadi, 4 ga Mayu 2025

Ni, Abdulbaƙi, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mazaunin Zongo ta Parakou, da hankalina da lafiyata, ina shaida wa wannan littafi cewa daga yau na daina cin goron Djougou. Na Bachir nake nufi. Kwandon da ya aiko na tura wa ladan.

Cikin kwandon ya saƙa ɗan kile na USB da guntuwar takarda: "Mushe, ga fim na sararin sama, ku kalla da Yaya, ka huta da littattafan nan da ba sa ƙarewa." Ƙanin matata Iyatu ne, mai sayen kashu, kuma taubashina; Mushe yake ce min, yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu. Shekara hamsin muna zagin juna ba wanda ya riƙe.

Bayan la'asar muka kunna. Na zaci halittu masu ido uku zan gani. Duniya ta bushe, mutane sun shiga ƙaton jirgi suna neman wata, har ina gyara musu lissafin nisa. Sai a tsakiya wani saurayi ya mutu, ɗan matar da ke kula da shuke-shuken jirgin. Ba ƙasar da za a binne shi. Uwar ta wanke masa fuska da hannunta tana kiran sunansa, tana sake kira, sannan aka buɗe ƙofa aka sake shi cikin duhu. Ko kiɗa ba su sa ba.

Iyatu ta yi wani kuka da ban taɓa ji a bakinta ba. Na lalubi telekoman, maimakon in kashe sai na ƙara murya.

Litinin, 5 ga Mayu

Shekara uku ke nan da babur ya kashe mana Imran. Ɗan fari ne, tun haihuwarsa Iyatu ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" take cewa. Ranar jana'iza ko hawaye ba ta yi ba, matan Zongo suna ta yaba kunyarta da haƙurinta. Tun daga nan nake gadin gidan nan. Na sauke hotonsa, na rabar da rigunansa, in labarai sun kawo hatsari ina canza tasha kafin a nuna titi. Shekara uku ina gini, mai sayen kashu ya rushe shi da abin da bai kai ɗan yatsa ba.

Na kira shi. "Ka kalla kafin ka aiko?"

"Har ƙarshe, Mushe."

"Ka san abin da ke ciki?"

"Na sani. Yaya fa, tana lafiya?"

Na kashe wayar. Da ya ce bai sani ba, da na kira shi jaki an wuce wurin.

Laraba, 7 ga Mayu

Na duba farkon fim ɗin ni kaɗai. Akwai gargaɗi kuwa, da Faransanci mai kyau: bai dace da 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu ba. Iyatu tana da hamsin da huɗu. Masu hikimar nan sun tuna da yara, sun manta da uwar da ta binne ɗa.

Ta ƙona miya yau. Ta tambayi kilen, na ce na jefa a masai. Yana cikin babban ƙamus, wurin da na san ba mai taɓawa.

Asabar, 10 ga Mayu

'Yar Bachir ta haihu, suna Asabar mai zuwa a Djougou. Allah ya raya. Allah kuma ya kawo ni.

Kowa da inda fatarsa ta fi laushi. Shekara goma sha huɗu da suka wuce kamiyo, babbar motar kaya, ya kife da Bachir a hanyar Kolokondé, ya yi awa biyar ƙarƙashin buhunan masara kafin a zaro shi. Tun ranar ba ya rufe ƙofar ɗaki, ba ya tsayawa tsakiyar sahu, ko banɗaki ba ya sa wa sakata. Wannan kaɗai ne ban taɓa tsokanarsa da shi ba.

Talata, 13 ga Mayu

Kwana uku ina zaune a shagon mai tura finafinai na bakin kasuwa. Goma sha ɗaya na kalla. Mutumin ya fara ce min "dattijon taurari". Ko jarrabawar zama malami ban yi wa irin wannan karatu ba.

Na goma sha ɗaya shi ne. Mai haƙar ma'adini a wata duniya, rami ya rufta da motarsa, iska tana raguwa, awa ɗaya da rabi kamara ba ta fita daga cikin akwatin ba. Ni da ba abin da ya taɓa danne ni sai da na buɗe wuyan riga. Na sa aka canza masa suna: Dariya Dole.

Juma'a, 16 ga Mayu

Iyatu tana ɗaure kayan jariri ta ce, "Malam, kwanan nan kana murmushi kai kaɗai." Na ce littafi ne.

Asabar, 17 ga Mayu, Djougou

Sama ma ta ba ni hannu. Bayan azahar ruwa ya sauko, maza muka cika falo, aka ja ƙofa da tagogi. Bachir mai gida ne, baƙi sun tura shi can lungu, tsakaninsa da ƙofa ƙafafun surukai goma sha wani abu. Na ce na kawo tukuicin fim.

Minti ashirin ya fara goge wuya da hula. "Mushe, ina dariyar?"

"Tana gaba."

Wani Alhaji daga Pélébina yana ta cewa kai, wannan bawan Allah ba zai fita ba. Bachir ya miƙe, ya taka tiren shinkafa, ya kasa gane sakata sai da aka buɗe masa. A tsakar gida ya durƙusa cikin ruwa da shaddarsa ta suna, ya yi amai, mata suna leƙowa daga rumfa. Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

Na rama. Ina ta jiran daɗin ya iso, har aka kira la'asar.

Lahadi, 18 ga Mayu

Bayan madafa Iyatu ta tare ni, muna shirin tafiya tasha.

"Ni na ce ya aiko."

A watan Maris, da ta zo duba Mariatou matar Bachir, ta tarar suna kallonsa. Daidai wurin wanke fuskar aka ɗauke wuta. Ita ta ce a saka shi cikin goro, ta kuma hana Bachir faɗa min, don in ta roƙe ni da bakinta zan fara kalla ni kaɗai in dawo in ce bai dace ba. Na buɗe baki in musa, na tuna inda kilen yake.

"Kai ka yi naka kukan a maƙabarta, maza suka riƙe ka. Ni yabo aka ba ni." Ta gyara mayafi. "Wancan ɗan wata ne, Malam. Ɗan wata ba kunya a yi masa kuka."

Bachir ya rako mu ƙofar gida. Ya ba ni hannu biyu, ya ce, "Malam Abdulbaƙi, mun gode da zuwa, Allah ya kiyaye hanya." Ba Mushe, ba tsohon alli, ba mijin Yaya mai kan ƙwarya. Tun muna yawo ba wando bai taɓa girmama ni ba sai yau.

Muka hau motar Parakou.

Talata, 20 ga Mayu

Na ciro kilen daga ƙamus. Ba ta tambayi yadda ya fito daga masai ba. Na kunna, na ajiye telekoman a kan tabarma kusa da ita, na zauna a kan hannuwana. Ta yi kuka, bai kai na ranar nan ba. Lokacin da matar take kiran ɗanta na ga leɓen Iyatu yana motsi, kuma ba sunan cikin fim ɗin ba ne. Mun kalla har ƙarshe. Ashe sun samu duniyar.

Na kira Bachir sau biyu bai ɗauka ba. Na uku Mariatou ta ɗauka, ta ce tun Asabar bai iya shiga ɗaki ba, a rumfa aka shimfiɗa masa.

Gobe da sassafe motar Djougou. Ban yi daidai ba.