Wasiƙar Kakana da Kuka Ce Ba Ta Ce Komai Ba

Zuwa ga Baba Istifanus, shugaban ƙungiyarmu ta ma'aikatan sito 'yan Arewa da ke Jebel Ali, a Dubai.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ne Nasiru, mai tuƙa motar ɗaga kaya, wanda kuka cire sunansa daga masu jawabi a bikin 'yancin kai na ɗaya ga Oktoba. A gaban mutane aka cire ni, a gabansu zan amsa.

Ga abin da ya faru, don waɗanda ba su zo zaman ba. A ɗan littafin da kwamiti zai raba ranar taro, ka rubuta cewa a kan tushen Kiristanci aka kafa Najeriya, kuma mishan ne suka kawo mana karatu. Na ce ban yarda ba. Na fito da wasiƙar kakana, na nemi minti biyar in karanta ta a taron. Sai kuka miƙa ta ga wani akawu Bamisire, wai don haruffanta na Larabawa ne. Bawan Allah ya juya, ya sake juyawa, ya ce wallahi habibi wannan ba Larabci ba ne, ba ta ce komai ba. Aka kwashe da dariya. Kai kuma ka ce khalas, wato shi ke nan, yaron da bai gama sakandare ba ba zai koya wa manya tarihi ba.

Na farko, Baba, kai fa a Zariya ka tashi, ka san ajami sarai. Hausa ce a takardar nan, Hausar da kake zagin direba da ita in ya makara. Yaya za a kai wa Bamisire Hausa a ce ya yi mata hukunci? Kakana ya iya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa alhali bai taɓa leƙa ajin mishan ba, shi ma wajen mahaifinsa ya koya. In ba mu da karatu kafin zuwansu, wa ya rubuta wannan?

Na biyu, gaskiya ne ban gama sakandare ba, ba na ɓoyewa. Amma shekara huɗu ke nan, daga masaukinmu na Abu Hail zuwa wajen aiki, wasu na barci a motar kamfani, ni ina karanta tarihi a waya. Ga abin da na gani: Kano na nan, Borno na nan, Oyo da Benin na nan, tun Bature bai san hanya ba. A 1914 aka haɗa Kudu da Arewa don sauƙin mulki, ba a tambayi fasto ba, ba a tambayi liman ba. Tsarin mulkinmu ma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ta ce shi ne na ƙasa. In ƙarya na yi, a kawo littafi a kunyata ni.

Kada wani ya juya mini magana. Ba na raina aikin mishan, a asibitinsu aka yi wa mahaifiyata aikin ido, har gobe tana sa musu albarka. Kuma wallahi da wani malami ne ya rubuta cewa a kan Musulunci aka kafa ƙasar, da shi zan aika wa wannan wasiƙa, da zafinta.

Na uku, ga abin da kuka ƙi ji. Kakana tela ne a Funtuwa. A shekarar 'yancin kai ya rubuta wa ƙanensa da ke ci-rani a Kumasi cewa an ba shi ɗinkin ƙananan tutoci na 'yan makaranta, kekensa ya lalace saura kwana uku. Maƙwabcinsa Ayuba, tela mai zuwa coci, ya ɗauko nasa keken a ka ya kawo. Ɗaya na yanka kore da fari, ɗaya na taka keke, in lokacin salla ya yi Ayuba ya ci gaba shi kaɗai. Haka aka gama. Ƙanen ne ya dawo da takardar gida, na kuma taho da ita har Dubai a cikin fasfona. Abin da Bamisirenku ya ce ba komai ba ne ke nan.

Roƙona biyu ne. A gyara shafin nan kafin a kai wa mai bugawa, don 'ya'yan 'yan ƙungiya da aka haifa a nan za su karanta shi, kuma ba su da kakan da zai gyara musu. Sannan a mayar mini da minti biyar ɗina. Al'adarmu ce liman ya buɗe taro, fasto ya rufe. A tsakaninsu nake neman wuri.

In an ƙi, ba zan yi faɗa ba. Zan tsaya a ƙofar ɗakin taro in karanta da ƙarfi. Bitrus, abokin ɗakina, wanda ke tashina sahur duk azumi, ya ce shi zai riƙe mini takardar, don ta tsufa.

Allah Ya ƙara maka lafiya da girma, Baba, Ya sa ka gama shugabancin nan lafiya, Ya mayar da mu gida da mutuncinmu.

Wassalam.

Ɗanka,
Nasiru, jikan tela.