Sanƙarau da Ɗan'uwansa a Gidan Dogo

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar da ka gada wajen Baba ka hana kowa rabonsa. Mu nan sai godiya. Uwar yara tana nan da ƙarfinta, bakinta ma haka. Ni kuwa na sakar wa yara shagon kafinta, sai dai kullum in zauna a bakin ƙofa ina gaya musu ba haka ake riƙe zarto ba.

Ko ka tuna mai askin nan na bayan tasha, wanda ke riƙe mana kunne kamar zai cire? Shi na fara ji yana cewa ciwon sanyi, wanda ake ɗauka wajen kwanciya, in mutum ya ɓoye shi sai ya bi ƙashin baya yana hawa kamar tsani har ya kai wuya ya sandare shi, wai shi ne sanƙarau. Ni da na tashi a gaban Kaka, na san tatsuniya in na ji ta, don haka na yi dariya na manta. To yau ga ni da furfura, maganar ta dawo ta zauna mini a tsakar gida.

Matar ɗanka Dogo ce ta kwanta. Ta tashi da zazzaɓi da ciwon kai, kafin la'asar wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ko haske ba ta son gani. Dogo yana kan hanya da babbar motarsa, mu muka kai ta asibiti. Suka ɗebi ruwa a bayanta suka auna, suka ce sanƙarau ne. An sha fama, amma Allah ya tashi kafaɗarta, sai dai kunne ɗaya da ya ɗan yi nauyi. Likitar ta ce cutar tana bin numfashi da tari, don haka duk wanda ke kwana a gidan a yi masa allurar kariya. Muka jera har ni, aka soke mu, na dawo ina zama da gefe ɗaya. Da a nan abin ya tsaya, da wasiƙar barka zan rubuto maka.

Uwar yarinyar, surukarmu, ita ma an yi mata, domin ita ke jinya. Sai ta ɗauki kwalbar da aka zuƙe ta kai wa mai kemis na kan layinsu, don ta san me aka zuba mata. Shi kuwa, Allah ya shirye shi, ya juya kwalba ya ce ai irinta yake sayar wa masu ciwon sanyi. Ta dawo asibiti mayafi na jan ƙasa, ta tsare likita a gabana. Likitar yarinya ce mai gaskiya, kuma gaskiyarta ce ta ƙara dagula mana lissafi. Ta ce e, magani ɗaya na kashe su duka, domin ƙwayoyin cutar biyu dangi ɗaya ne. Ta ce in ka leƙa su a madubin ɗakin gwaji, kowacce bibbiyu take zama, kamar ƙwayar wake biyu da suka fuskanci juna, sai an ƙara gwaji ake bambanta su. Amma ta sanƙarau a hanci da maƙogwaro take zama, mutane da yawa na yawo da ita ba su sani ba, ɗayar kuwa ƙofarta daban, kuma ta sanƙarau aka gani a jikin yarinyar. Surukarmu ta tambaya ko ta sanyin ba ta taɓa kaiwa ga kai ba. Likita ta ce da wuya ƙwarai, amma ba za ta ce bai taɓa faruwa a duniya ba. Cikin duk bayanin nan, wannan kaɗai surukarmu ta ƙulle a bakin zani.

Ranar sallama, maimakon a kawo mana yarinyar, gidan iyayenta aka wuce da ita, har da jikokina. Na sa babbar riga na bi sawu. Uban, abokinka mai gyaran agogo, ya shimfiɗa mini tabarma a cikin shago, agogunan bango na ta bugawa kowanne da nasa lokacin, daidai da abin da ke cikin kaina. Na kawo misalin da nake ganin ba ya da makusa. Na ce ni da kai uwa ɗaya uba ɗaya, har goshi iri ɗaya, amma ba a taɓa kama ka don na yanka katako ba daidai ba. Surukarmu daga bayan labule ta ce su a danginsu, in aka ga ƙane a gida, an san wa ya nuna masa hanya. Ta ce Dogo direba ne, yana kwana inda dare ya yi masa, kuma ba a soke gida guda da allurar masu sanyi a banza. Ni ma sai na shiga tambayar kaina. In dangi ne, me ya sa ba ƙofa ɗaya suke shiga ba? In ba ruwan wannan da wancan, me ya haɗa su kwalba? Na dawo gida na tambayi uwar yara, ta ce tunda aka yi mini allurar sai in fara bincikar kaina.

Abokin naka mutum ne mai sanyin hali. Ya rako ni bakin titi ya ce shi ba ya son auren ya mutu, yarinyar ma kuka take tana son ɗakinta. Abu ɗaya yake nema: in zo da kaina in ba shi kalmata cewa Dogo bai taɓa ɗauko wannan ciwo ba, shi kuma zai shawo kan matarsa. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, zan dawo masa da ita. Na sake komawa wajen likita don in samu ƙarfin gwiwa, ta maimaita cewa sanƙarau ɗin ba laifin kowa ba ne. Ta ƙara da cewa shi ciwon sanyi yakan zauna a jikin mace shiru yana ɓarna, har ya taɓa haihuwa, don haka in akwai kokwanto, miji da mata su zo a auna su, yana warkewa.

Abin da nake roƙonka, ka kira abokinka ka ce ya ƙara mini lokaci, kada ya bari a fara zancen takarda. Kada ka yi masa rantsuwa a madadina. Ni zan kai Dogo gwaji ko da a kan kafaɗa ne, sannan in san yadda zan nemi a kai matarsa ita ma ba tare da rufin gidan ya faɗo mana ba.

Ka gaishe mini da maman yara, da Malama da mijinta, da Auta mai ƙin rubutu, da takwarana. Uwar yara na gaishe ka, ta ce har yanzu kai ne mijin da ta fi so.

Yayanka.

Na bar wannan ƙarshe don hannuna ya ƙi rubuta shi a sama. Jiya ina bakin shago aka zo aka tsuguna gefena, aka daɗe ana wasa da ƙusa a ƙasa. Can aka ce, “Baba, wai da gaske ne yana hawa wuya ko an yi shekara da shan magani? Ni haka aka gaya mini.” Tun daga bakin mai aski na sha jin zancen nan, amma wanda ya gaya mini shi na ƙarshe, ido cike da ƙwalla, Dogo ne.