Goyo Ba Ya Goyo: Ni Na Ja Soket Ɗin Da Ya Ƙone

Assalamu alaikum, masu shafi da masu karatu. A ɓoye sunana. Masu zagi kuma ku ɗan dakata ku ji ƙarshe tukuna, na san yatsunku na ƙaiƙayi.

Ni 'yar Sabon Birni ce, shekaruna sha shida. Bana ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, dangi daga wajen Gatawa suka cika mana gida har kaji sun rasa wurin tsayuwa. Aka tura ni ɗakin baya tare da Inna, kakata, ɗakin da ko soket guda babu, ga zafin da zai dafa ƙwai a hannu. Na roƙi yayana ya ja mana wuta. Wannan yayan nawa wata uku ya yi a wani shago a Isa, ya dawo da tasta, ɗan abin gwada wuta, a aljihun gaba, ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Ya dube ni ya ce, "Ke, wuta ba tuwo ba ce." Mutumin da ƙwan fitila ma sai ya yi bismilla uku kafin ya taɓa!

To, ranar kasuwa da gida ya watse, na kashe wutar gidan daga akwatin fiyus, na buɗe soket ɗin ɗakin ajiya, na ja waya zuwa ɗakinmu. Ta yi aiki. Daɗi ya ɗebe ni, na ja wata daga tawa zuwa baranda, daga baranda na ƙara wata bakin madafa. Kowa ya ɗauka aikin Injiniya ne, shi kuwa maras kunya ya karɓi godiya har da gyara hula. Fanka kawai na nufa. Amma ina! Gwaggo ta jona firizar ƙanƙara, wata ta jona rishon lantarki, wata dutsen guga, kamar soket ɗin rijiya ce. Ran Talata da rana waya ta narke, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin ajiya, buhun gero guda ya babbake kafin a kashe. A shekara irin wannan!

Nan take Injiniya ya manta cewa shi ya yi aikin. Ya ce laifin Baba Isiya ne, tsohon da ya yi wa gidan wayarin tun ba a haife ni ba, wai "tsohon yayi" ne. Babanmu ya hau, ya rantse in an sauko Juma'a zai faɗa wa jama'a kada wanda ya sake ba tsohon aiki. Mutumin da da wannan sana'ar kaɗai yake ciyar da gidansa, gonarsa ta bushe kamar ta kowa.

Jiya tsohon ya zo, bai yi musu da kowa ba. Ya buɗe soket-soket ɗin, ni kuma na kawo masa ruwa. Ya ce, "Zauna, ɗiyata. Wutar gidan ga zobe ce. Waya ta fito daga akwati, ta zagaya ɗakuna, ta koma. Kowane soket na shan wuta ta hannu biyu. In kin ja wani daga jikinsa da waya guda, mu goyo muke ce mishi. Uwa guda, goyo guda. Goyo ba ya goyo." Ya ce soket ɗin ɗakin ajiyar ma goyo ne tun asali, wato jariri na ɗora wa 'ya'ya uku. Fiyus ɗin zobe babba ne, kafin ya ji zafi wayar guda ta dahu. Maganin, in ji shi, ko a sa ƙaramin fiyus mai lamba sha uku a gindin goyon, ko a yanka zoben a shigar da su ciki.

Na ce, "Ai Yaya bai san haka ba, Baba."

Ya ɗago bakin wayar ya nuna mini. "Yayanki bai iya ko wannan ba. Murɗin ga na hagu ne. Kuma ya yi kyau, saura ilimi."

Bahaguwa ɗaya ce a gidanmu. Inna ta shekara goma tana bugun hannun nan nawa da ludayi.

Bai gaya wa kowa ba, ya kwashe kayansa ya tafi. Maza takwas a gida, kowa na zuba bayani, ba wanda ya kawo mace a ransa, don a wurinsu iyakar saninmu da wuta ta murhu ce. In na yi shiru na tsira, kuma ba na ɓoye muku, ina tsoron bulalar Babanmu da bakin Gwaggo. In na yi shirun kuma, tsohon da ya rufa mini asiri za a tozarta a bakin masallaci.

Juma'a gobe ce. Mi za ni yi?