Taki Ashirin Da Biyu Da Ka Bar Mani Amana

Zuwa ga Malam Anwar, malamin lissafi ɗan Pakistan, wanda ya koyar a sakandaren da ke bayan garin Ƙanƙara, a duk inda yake.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka, da ta iyali, da ta mahaifiyarka in tana da rai.

Shekara tara ke nan, Malam, ina jiran ka. Wasiƙa uku na aika a adireshin da ka rubuta mani a bayan kwalin sukari, ko ɗaya ba ka maido amsa ba. Wannan ta huɗu na ce a kai ta jarida, ko Allah zai sa wani ɗan ƙasarku da ke koyarwa a Zariya ko Kaduna ya ji labari ya isar maka. Ka san ban yi boko ba. Malam Lawal mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya shi ke riƙe da alƙalami, kuma na gargaɗe shi kada ya tausasa mani magana ko ɗaya.

Ni ne Mati, mutumin Ƙetare, leburan filin makaranta.

Ka zo mana a shekarar da kuɗin mai ya fara hauka. Samari sun yar da fartanya sun bi motocin kwangila, ana ta gina makarantu ana ɗauko malamai daga ƙasashen da ba mu taɓa jin sunansu ba. Kai ka sauka da akwatin katako, cikinsa katakan bugu ne da turaku da wata jar ƙwallo mai taurin goruba. Ka ce sunan wasan kurket. Ka kai ni tsakiyar fili, ka auna taki ashirin da biyu, ka ce kana son wurin ya yi sumul ya yi tauri, in an jefa ƙwallo ta tashi. Rolar danne ƙasa da aka yi maka alkawari ba ta zo ba, wai tana can Ikko cikin jirgin ruwa. Har yau ba ta iso ba.

Matata Hajara ce ta warware mana. Da na ba ta labari ta yi dariya ta ce, ai baƙon naka daɓe yake so. Ita ta koya mani ɗibar ƙasar suri, da jiƙa makuba, da yadda ake bin ƙasa da madaɓi tun tana da laima har ta yi sheƙi. Ka san a nan daɓe aikin mata ne. Tun daga lokacin na zama Mati Mai Daɓe. A kasuwar 'Yankara har yau akwai masu tambaya ta ko na fara kitso. Na haɗiye duk wannan saboda kai, ka rubuta ka ajiye.

Sai maganar rediyo. In ana babban wasa a ƙasar Turawa, bayan an tashi makaranta, sai ka kawo rediyonka gindin bedi kana fassara mani da guntuwar Hausarka. Ka ce wasa ɗaya kwana biyar ake yin sa, kuma a ƙarshe yana yiwuwa a tashi babu wanda ya ci. Nan wasan ya shiga raina, don na ga irin aikinmu ne: ka wuni a rana, ka dawo gobe, sauran kuma sai abin da ƙasa da sama suka ga dama.

Sunayensu ba sa zama a bakina, sai na raɗa masu nawa. Rannan ka ce, Baba, in an ba ka duk 'yan wasan duniya na yanzu, su wane sha ɗayanka? Ka ɗauko takarda, na ce ajiye, ba da ni ba. Na tona gurbi sha ɗaya a ƙasa kamar za a yi dara, duk wanda muka yarda da shi sai a saka mashi dutse.

Dutsen farko na Sarkin Haƙuri ne, Baturen nan da zai tsaya da katako tun hantsi har la'asar, 'yan kallo na hamma shi ko a jikinsa. Ka ce barci yake sa ka. Na ce wanda zai buɗe wa jama'a gona ba a son mai rawar kai. Sati biyu muna ja kafin ka bari. Na biyu Gajere ne, wanda dogayen masu jifa ba sa firgita shi. Ka ɓata fuska don Ba'indiye ne, amma da hannunka ka saka dutsen, kuma na ga girmanka ranar. Baƙin Sa kuwa, na tsibiran nan da ka ce daga ƙasashenmu aka kwashi kakanninsu, ba mu yi gardama a kansa ba. In ya yi bugu har a rediyo ana jin katakon ya yi kuka. Mai tsugunno a bayan turaku ni na zaɓe shi, kuma da kunne na zaɓa. Na lura akwai wanda ba a cika faɗin sunansa ba, na tambaye ka dalili, ka ce don ƙwallo ba ta kuɓuce mashi. Na ce shi nake so.

Haka muka yi ta yi har gurbi goma suka cika. Na sha ɗayan ne ya haɗa mu, damina biyu cur. Mun riga mun saka masu jifan ƙarfi uku, kai kana son na huɗu, wanda nake kira Tsawa. Ni ina son Mai Murɗa, dattijon nan da ke jifa a hankali ƙwallo ta sauka ta karkace. Kuma ba son kai nake ba. Ni ke daɓe ƙasar nan, na san halinta. Kwana ɗaya, kwana biyu, tana nan sumul, mai ƙarfi ya yi abin da yake so. In an shiga na huɗu ta tsattsage, mai ƙarfi ya gaji, a tsagar nan dattijo zai sauke ƙwallo ya kwashe mutane ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa maka wannan ya fi a ƙirga.

Ranar Jumma'ar da za ka tafi hutu muka sake gardamar a gaban malamai. Ka yi dariya ka ce, Baba fa bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu da idonsa ba. Suka kwashe da dariya. Ni kuma na ce maka kai baƙo ne, cin kuɗin mai ya kawo ka, ba ka san ƙasa ba sai takarda. Na ga fuskarka ta canza. Ban janye ba.

Duk da haka, da aka sauko daga masallaci ka riƙe hannuna a bakin ƙofa, gaban Liman da mutum biyu. Ka damƙa mani makullin akwati da rediyo, ka ce, Baba, amana, ka riƙe mani daɓen nan yadda yake har in dawo, mu sa mai ƙarfi da mai murɗa su yi kwana biyar a kai, ƙasa ta raba mu. Na ce na karɓa. Wata uku ka ce.

To, ga yadda amanarka take. Daɓe yana nan, taki ashirin da biyu, ko tsiro babu. Wasan ya mutu a makaranta tun shekarar da ka tafi, ƙwallon ƙafa ake yi, na kewaye wurin da ƙaya don kada a tattake. An sallame ni daga aiki saboda tsufa, ban fasa zuwa ba. Gara ta ci katako biyu, wannan laifina ne, na bar akwati a ƙasa wata damina. Sauran huɗun ina shafa masu man gyaɗa.

Hajara ta rasu a shekara ta biyar. Har ta kwanta ciwo ita ke jiƙa mani makuba, tana yi tana mita, wai baƙon nan ya tafi ya bar ni a turke. Ranar da ta cika ina kan daɓe ina yayyafa ruwa, maƙwabcina ya zo ya kira ni. Da na isa an riga an rufe mata fuska. Ban ce laifinka ba ne. Na dai ce ya kamata ka sani.

Rediyon ma yana nan, ina kunnawa in lokacin wasa ya yi. Sai dai babu mai fassara. Ina jin jama'a sun ɗauki ihu, ban san wa ake wa ba. Sunayen da kunnena ya saba da su suna ta ɓacewa, sababbi na shigowa. Wani Ba'indiye mai kanti a Funtuwa ya ce mani Sarkin Haƙuri ya ajiye katako, Mai Murɗa ma ya koma gida, kuma wai yanzu har a wuni ɗaya ake fara wasa a gama. Ban yi mamaki ba, zamanin ne, kowa so yake ya shuka da safe ya girbe da yamma. Na gwada sabon zaɓe ni kaɗai. Akwai wani suna da ihu ke bi kullum, na saka mashi dutse, sai na tuna ban san ko mai jifa ne ko mai bugu ba. Na cire. Wannan zaɓen ba na mutum ɗaya ba ne, sai da wanda zai ce maka ƙarya kake.

Yanzu ga abin da ya sa na matsa. Ɗan kwangila ya zo ya kafa turaku, za a gina gidajen malamai a filin, turke ɗaya a tsakiyar daɓe. Sau biyu ina tumɓuke shi, har aka kai ni gaban mai gari, ina da furfura ana yi mani faɗa. An ce kafin ruwa ya sauka katafila za ta shigo. Ɗana Sule kuma ya gina mani ɗaki a Damari inda yake noma, ya ce zai zo da mota ya kwashe ni, don gwiwoyina sun ƙi, kuma babu mai dafa mani tun rasuwar uwarsa. Ina so in tafi, Malam. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai. Ina so in zauna cikin jikokina in miƙe ƙafa.

Liman ya ce abin mai sauƙi ne, in ciyar da miskini goma in yi tafiyata. Na ce Allah ya gafarta Malam, ni ba rantsuwa na yi ba da zan yi kaffara. Amana na karɓa hannu da hannu, kai ne shaida, kuma ba a ce mani mai ita ya mutu ba. Ya ce taurin kaina ya fi daɓen. Sule ya ce, Baba, Ba'indiyen nan ko sunanka ba ya tunawa. Na ce mashi da farko dai ba Ba'indiye ba ne, in ya ji ka sai ransa ya ɓaci.

Ban yarda ka manta ba. Mutumin da ya zauna a tabarmata ya ci tuwon dawa da hannu, ya ce barkonon Hajara wasan yara ne, ya nemi ƙari. Mutumin da ya kai ni asibiti a bayan babur ranar da maciji ya sare ni wajen ɗibar suri, yana tuƙi yana karanta mani addu'a da ƙarfi. Na shekara sittin da wani abu a duniya, kai ne mai wando da takalmi na farko da ya tambaye ni me na gani, ya tsaya ya ji amsa. Anwar ɗana, da wannan ka ɗaure ni tun kafin ka ba ni makulli.

Dare da rana ina juya abu ɗaya: ko maganar da na faɗa maka gaban malamai ce ta hana ka waiwayo? In ita ce, ban kyauta ba. Ba kuɗi kaɗai ya kawo ka ba, na sani tun a lokacin, zafin dariyar ne ya sa ni. Ka yafe mani. In kuma gurbin nan ne, to na bari, ka saka Tsawa. Har gobe na san a kwana na huɗu za ka yi nadama, amma ka saka shi. Malam Lawal ya ɗago kai ya dube ni, don bai taɓa jin na janye magana ba. Na ce ya rubuta.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya albarkaci zuri'arka. In kana cikin wani ƙunci da ya hana ka rubutu, Allah ya yaye maka. In ka riga mu, Allah ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Hajara a gidan rahama. Ni kuma Allah ya sa kada in tashi gabansa da kayan wani a hannuna. Amin.

Naka,
Baba Mati Mai Daɓe, Ƙanƙara.

Malam Lawal ya ce an gama, na ce a ƙara wannan. Ba doguwar wasiƙa nake nema ba. Ka ce ka sauke mani amanar, in tafi Damari. Ko ka ce riƙe, in je in zauna gaban katafila, duk abin da zai faru ya faru. In ba ka da rai, ɗanka ya amsa. In ba ka bar ɗa ba, ƙanenka, ko duk wanda ya gaje ka. Kowace ranar kasuwa ina nan kan bencin gidan waya daga hantsi har a rufe. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Malam. Wani ya amsa mani.