Kaskon Ruwan Bushiyoyin Inna

Zuwa ga ƙanena Kamaruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a can Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Tsanyawa sai godiya, an yi shuka, gero ya fito. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai idon da ka sani, yanzu inuwa kawai take gani. Na zaɓi takarda ne saboda a waya kullum kana sauri.

Maganar katangar bulo ce da ka sa aka zagaye lambun bayan gida da ita. Ta yi kyau, kowa ya wuce sai ya sa maka albarka. Amma ka tuna tarin karan nan na gindin zogale da Inna ta hana a taɓa tun muna yara? Nan bushiyoyi ke kwana, nan suke haihuwa. Duk magariba takan zuba musu ruwa a kasko, ta ce su ne ma'aikatanta, su ke cinye mata tsutsa da gara da kunama. Na roƙe ka a bar tarin, a kuma bar musu 'yar kafa a ƙasan katanga, yadda suka saba ratsa shinge. Ka yi dariya, ka ce har yanzu ƙauyanci bai sake ni ba, tarin kara gidan maciji ne. To, magina umarninka suka bi. Ranar da na kai Inna duba ido suka cinna masa wuta. Bushiya kuwa ba ta san gudu ba, in ta tsorata dunƙulewa take yi. Da na tona tokar, uwa na samu da 'ya'ya huɗu, kowacce a dunƙule. Wallahi sai da na zauna a ƙasa na yi kuka. Garin neman gira muka rasa ido, Kamaruddeen, kuma har yau raina a ɓace yake.

Ban iya faɗa wa Inna ba. Karan girkina na ɗebo na sake tarawa a wurin. Kullum tana lallaɓawa da sandarta ta cika kaskon, da safe ta tsoma yatsa ta ji ko sun sha. Wata biyu ke nan nake riga ta zuwa in zubar da rabi. Ni da ko goro ban taɓa ɓoye mata ba, ka mayar da ni maƙaryaciya da furfurata! Tsutsa ta cinye alayyafon kaf, na ce mata zafi ne.

Ranar kasuwa zan sa a fasa kafa a ƙasan katangar, ko Allah zai kawo wata daga gonakin maƙwabta. Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi. In kuwa har Sallah babu wadda ta shigo, kai za ka durƙusa gabanta ka faɗa mata da bakinka. Ni na gaji.

Ka gaishe da Ramlat, da Ikrima, da Halimatu Sadiya. Inna ta ce lalle in rubuta maka cewa Allah ya yi maka albarka, tun da ka yi katanga karnuka sun daina damun bushiyoyinta, shi ya sa suke shan ruwa hankali kwance. Na ce mata amin.

Yayarka,
Barira