Jarka Biyu, Hawa Huɗu

Litinin, 3 ga Maris

Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan da karyewar babbar gada. A shekarar nake haye ruwa da buhu biyu a wuya, a shekarar kuma muka kama ɗakin nan na hawa na huɗu, ni da uwar yara, Allah Ya jiƙanta. Duk gidan nan ba wanda ya san haka sai ni. Ban shiga aji ba, a jikin buhu na koyi karatu, amma kan nan nawa ba ya zubar da komai.

Yau Auta ta zo, 'yata mai aikin gwajin jini a asibiti. Ta tarar da ni ina haki a matakala. Wai, "Baba, ka tattara ka dawo wurina, bene ya fi ƙarfinka." Ni! In bar ɗakin da uwarta ta rasu a ciki? Na ce ta ba ni wata ɗaya ta gani.

Laraba, 5 ga Maris

Jarka biyu cike da ruwa, daga famfon ƙasa har ƙofata, sawu tara, ban huta ba. Tela na ƙasan bene ya ajiye almakashi yana kallo. "Tsoho, wa ya taɓo ka?" Na ce sa'ad da nake dako, kai ko wando ba ka iya ɗaurawa ba. Shekara ashirin rabona da ɗaukar abin da ya fi buta nauyi, ga shi kuwa. Tsohon doki sai mai shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Ƙafa ta ƙi. A zaune na yi salla. Ba wanda ya gani.

Asabar, 8 ga Maris

Cinyoyi kamar an daka su a turmi. Fitsari ya yi duhu. Tela, sarkin tsegumi, ya buga wa Auta waya. Da ta zo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tsaya tana duban akwatunan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, irin duban mai shirin kiran mota.

Talata, 11 ga Maris

Kwana biyu a asibiti ana ƙara mini ruwa. Ma'aikatan duk sun ji labarin sawu tara. Wata ta ce ko saurayi ba zai iya ba. Na rubuta don kada a ce ba a faɗa ba.

Auta ta zauna bakin gado da takardar jinina. "Baba, in jiki ya yi aiki mai tsanani, iskar da yake ƙonawa tana barin wani datti mai cin tsoka, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Jiki yana da masu kwashe shi. Wanda ya saba aiki, nasa suna da yawa. Kai naka sun watse tun da ka zauna, ka tashi rana ɗaya ka sauke musu lodin tirela."

Wannan kam na gane. Na sha ganin an bar wa mutum uku kayan mutum goma.

Na ce to a sayo mini masu kwashewar nan a kwalba. Ta yi dariya. "Aiki kaɗan-kaɗan ne ke tara su, Baba. In ka bi a hankali, ɗakinka naka ne. In ka sake irin wannan, da kaina zan ɗauko akwatunan."

Taurin kan nan ban san inda ta samo shi ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Yau ina goge madubin uwar yara wani abu ya faɗo mini a rai. Shugabanmu na dako, mai karyayyen haƙori, ba ya barin sabon shiga ya taɓa cikakken buhu. Rabi yake ba shi, har sati uku. Ni ma da rabin na fara, ana yi mini dariya. Ranar da gada ta karye na riƙe, launin rigata a ranar ma na riƙe, wannan kuwa ya kwanta mini shekara da shekaru. Ba mantawa na yi ba. Ba a tambaye ni ba ne.

Ke nan abin da ke cikin takardar Auta mu mun riga asibiti saninsa. Ba zan gaya mata ba tukuna.

Gobe da safe jarka ɗaya, ruwa rabi, sawu ɗaya. Zan tsaya a hawa na biyu in duba ko sun gyara fasasshiyar tagar da ke wurin. In Tela ya yi magana, uwar yara ce ta koya masa sa zare a allura, kuma ina nan a ranar.